Sunan Inna a Bakina

Daga ƙofar gidana a Yelwa zuwa bakin ruwa, tafiya ce da ba ta kai a tafasa shayi ba. Shekara da shekaru ina yi wa baƙi alfahari da wannan kusancin, ina cewa mu kifi da ransa yake faɗo mana tukunya. Da Inna, mahaifiyata, ta dawo hannuna sai kusancin ya zama abin da ya hana ni sakat. Gigin tsufa ya kama ta, kuma duk inda ta samu ƙofa a buɗe, ruwa take nufa.

A gungu aka haife ta, wani tsibiri a tsakiyar kogi can wajen Ngaski, kafin a datse ruwa a Kainji a kwashe su zuwa tudu. Tana budurwa aka yi wannan. A zamaninsu, in rani ya yi, akwai mashigi, wurin da ruwa ba ya wuce gwiwa. Mace za ta naɗe zanenta, ta ɗora kaya a ka, ta taka ta haye gida. Yau gungun nasu yana ƙarƙashin ruwa, mashigin kuwa ko doguwar gora ba ta taɓa ƙasansa. Kowa ya san haka ban da Inna. Ita a wurinta kullum rani ne, kuma uwarta na can ƙetare tana jiran ta da gero a turmi.

Da farko tana wajen ƙanena ne, a ƙauyenmu kusa da Wara. Sau biyu masunta suna tsamo ta, ruwa ya kai mata ƙugu. Ban ji labarin ba sai daga baya, don a gidanmu ɓoye abu gado ne. Ranar da na je duba ta ba tare da na sanar ba, na tarar sun tafi gonar albasa shi da matarsa, sun kulle ta a ɗaki da kwaɗo, tana ta bubbuga ƙyaure da tafin hannu a hankali, kamar mai sallama a gidan wani. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hawa. Na jira shi a ƙofar gida, na zazzage masa duk abin da ke bakina a gaban maƙwabta, na ce uwa ce ba akuya ba. Da na gama ya ce to in tafi da ita in gwada. Na tafi da ita a ranar, ina hura hanci. Ba a yi sati ba ni ma na je kasuwa na sayo kwaɗo, har ya fi nasa girma.

Ni ce 'yar farin Inna, kuma wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi ko da zuciyarta na ƙuna. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni wajen gwaggota a Yelwa, can na girma. In na zo hutu, ina zaune a gabanta za ta aika ƙanena ya tambaye ni ko na ƙoshi. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ko sau ɗaya. Ni ma nata bai taɓa fita daga bakina ba. Ina koyarwa a firamare, kuma duk shekarar da aka kawo mini yarinya mai wannan suna, "mai sunan Inna" nake ce mata har ta bar ajina. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashi ba. Haka na ga ana yi, haka na yi.

To da ta zo gidana sai na ga abin mamaki. Inna ta sake da ni. Da safe ta kalle ni ta yi murmushi, ta tambaye ni kwanan gida. Ta ja ni hira, ta ba ni labarin wani mai jirgi da ya so ta tana yarinya, mai haƙoran gaba kamar na zomo, ta yi dariya har da dukan cinyata. Ta ce in kawo tuwona mu ci a kwano ɗaya. Wata rana da la'asar ta ce kaina ya tsufa, ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta tsefe mini kitso. Ina da shekara hamsin ba kaɗan, ban taɓa jin yatsun uwata a cikin gashina ba sai ranar. Na sunkuyar da kai na yi ta hawaye, ita kuwa tana ta mita wai wa ya yi mini wannan kitson na ganin dama.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina tsufa ya cire mata kunya, abin da ta daɗe tana dannewa ne ya fito. Har na kira ƙanena a waya ina yi masa gori, na ce Inna ta samu sauƙi tun da ta zo hannun wanda ya iya riƙo. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya kashe wayarsa.

Amma maganar haye ruwa ba ta daina ba. Da hantsi ya yi sai ta fara tattara kaya, ta ɗauki ƙwarya ko faifai, ta tsaya a bakin ƙofa tana jijjiga kwaɗon, tana cewa rana na yi, ana jiran ta a gida. In na tafi makaranta maƙwabciyata ke zama da ita, wata mai tuyar ƙosai da ta san haƙuri fiye da ni. Ita ce ta gaya mini akwai wata malamar asibiti a ƙaramin asibitin da ke bayan unguwarmu, da take tara masu irin wannan jinya sau ɗaya a wata, bayan an gama awon jarirai. Na ce me za ta ba mu, allura? Ta ce ba ta ba da komai sai magana. Na ce magana ai ina da ita a gida. Duk da haka na je, don na gaji da zama da tsorona ni kaɗai.

A ƙarƙashin wata rumfar kwano muka zauna, kan bencin da masu jego suka tashi. Ba mu kai goma ba. Akwai wani manomi daga Shanga wanda mahaifinsa ke ɗaukar lauje tsakiyar rani ya ce zai je yankan shinkafa. Akwai wata mata Kirista da aka kusa jefe surukarta a wani ƙauye, don an same ta a gidan mutane tana sambatu, aka ce mayya ce. Kowa ya faɗi nasa, babu mai yi wa wani dariya, ko da yake mun yi dariyar tare sau da yawa. Malamar gajeruwa ce, ta manyanta, ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ta ce mana wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba sammu ba ne, ba iska ba ce, kuma ba ta da maganin da zai warkar da shi. Ta auna jinin tsofaffin da aka zo da su, ta duba masu gyambo, sauran duk shawara ce.

Da Inna na je. Tana gefena tana ɓare gyaɗa, in ta ɓare ta kama hannuna ta zuba mini, ta ce in ci. Na lura malamar tana kallonmu. Da aka zo kaina na yi bayanin ruwa da mashigi, na ƙara da cewa ban da wannan Inna lafiya lau take, har ma ta fi da walwala. Sai ta tambaye ni ni ce ta nawa a wajenta. Na ce ta fari. Ta sake kallon gyaɗar da ke hannuna. Matar nan Kirista ma ta ɗago kai ta dube ni, sannan ta kawar da ido.

Malamar ta matso ta durƙusa gaban Inna ta gaishe ta, ta nuna ni.

"Inna, wagga wa ta?"

Inna ta dafa kafaɗata. "Abuyata ta. Gungunmu guda."

Ƙawarta ke nan. Malamar ta gyaɗa kai, ta ce to ina ɗiyarta ta fari. Nan take fuskar Inna ta sauya. Ta sunkuyar da kai, ta ja gefen mayafinta, ta yi kamar ba ta ji ba. Sai da aka sake tambaya ta ce can ƙasa-ƙasa, tana kallon ƙasa, yarinyar na wajen gwaggonta, ba ta daɗe da yaye ba.

Ashe kunyar na nan daram, ba ta je ko'ina ba. Ni ce na fita daga cikinta. Duk watannin nan da nake murna uwata ta sake da ni, da wata take hira, wata yarinyar gungu da wataƙila ta daɗe a ƙasa. Kuma ba ni da hanyar sanin yaushe ta manta ni, don da can ma ba kallona take yi ba balle in ga ranar da ta daina gane ni. Na ji haushin malamar kamar ita ta ƙwace mini wani abu. Na ji tsoro kuma, irin wanda ban ji ba ko ranar da na ji labarin masunta, don na gane cewa macen da nake kulle wa ƙofa ba ta san dalilin da zai sa ta saurare ni ba.

Da aka watse malamar ta tsayar da ni, ta ce abu biyu za ta gaya mini. Na farko, in daina ɓoyewa. In je bakin ruwa in gaya wa kowa, masu jirgi, masu wanki, masu kifi, 'yan kabu-kabu, in nuna musu fuskarta. Ta ce kwaɗo ɗaya ne, ranar da na manta shi ya ƙare, amma idanun unguwa suna da yawa. Na biyu, ta ce in ciwon ya motsa Inna ta nufi ruwa, kada in ɓata bakina da kiran "Inna", don a lokacin ba ta haifi kowa ba. In kira ta da sunanta na yanka, wanda uwarta ke kiranta da shi. Shi ne abin da ya rage da zai iya juyo da ita.

Na ce Allah ya sawwaƙe. Na ce ni ba a titi aka haife ni ba, da girmana da furfurata in tsaya a bainar jama'a in kira sunan uwata gatsal. Ban san ma irin maganganun da na ƙara ba, na dai san murya ta tashi. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Malama, riƙe tarbiyyarki, ba ni hana ki. Amma ruwa bai san ta ba."

Na farkon na yi shi, ko da yake ya yi mini nauyi. Na kama hannun Inna muka je wajen sarkin jirgi, wani dattijo da ke zama kan kifaffen kwalekwale yana gyaran koma. Na yi masa bayani ina jin kamar na tsiraita gidanmu. Ya ce shi ma kakarsa haka ta yi, ya kira mutanensa ya ce su dube ta da kyau, duk wanda ya ɗauke ta a jirgi ko ya gan ta ya ƙyale, shi da shi ne. Matan da ke wanki suka ce in kwantar da hankalina. Kuma sun cika alkawari. Sau uku ta kuɓuce mini, sau uku aka dawo da ita. Sau ɗaya wani ɗan kabu-kabu ne ya kawo ta, tana zaune a bayansa tana dukan gadon bayansa da faifai, wai ya kauce hanya.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Mabuɗin kwaɗon a bakin zanena yake ɗaure, ina taɓa shi kamar mai ƙaiƙayi. Na daina zuwa biki da suna. Salla ma da kunne ɗaya nake yi, ɗayan yana bakin ƙofa, in na ji motsin ƙarfe sai in rasa raka'a ta nawa nake. In na ji hayaniya daga wajen ruwa, ko da ta masu cinikin kifi ce, sai in tashi in leƙa ɗakinta. A aji ina rubutu a allo sai in ga zanenta yana yawo a kan ruwa, in tsaya da alli a hannu har yara su fara kallon juna.

Abin da ni da malamar da sarkin jirgi duk ba mu yi tunani ba shi ne Juma'a. Ranar Juma'a da azahar bakin ruwa wayam yake. Masu jirgi sun ɗaure jiragensu, 'yan kabu-kabu sun jingine babura a ƙofar masallaci, mata sun gama wanki tun da hantsi sun koma gida.

Bayan damina ne, ruwa ya cika ya tumbatsa. Maƙwabciyata da ta ari turmi ta dawo da shi, na buɗe mata, muka tsaya 'yar hira, na shiga wanka. Ina cikin zuba ruwa na tuna ban mayar da kwaɗon ba. Na ɗaura zane a ƙirji na fito da sabulu a wuya. Ƙofa a buɗe. Takalman Inna na nan a jere bakin zaure, ta cire su kamar yadda mai shirin shiga ruwa ke yi.

Ban san na iya gudu haka ba. Lasifikar masallaci na ta huɗuba, titi ba kowa sai awaki. Na isa inda jirage ke tsayawa, ba ta nan. Na duba dama, na duba hagu, sai na hango ta can gefe, bayan ciyawar burgu, inda masu ɗiban yashi suke haƙa da rani. Kowa a unguwar ya san wurin, ƙasan yana tafiya a hankali sannan ya yanke lokaci ɗaya. Ta naɗe zanenta, ƙwarya a kanta, tana takawa a natse. Ruwa ya kai mata cinya.

Ni jikar mutanen gungu ce amma ban iya iyo ba, a tudu gwaggo ta raine ni. Na faɗa ruwan duk da haka, laka ta riƙe mini ƙafa tun ban kai gwiwa ba. Na kira Inna, na sake kira, na kira har muryata ta dushe. Ko waiwaye. Na ce abuya, tsaya mana. Ta ɗaga hannu ɗaya ba tare da ta juyo ba, tana yafuto ni, wai in taho. Ruwa ya wuce ƙugunta. Na waiga tudu ko zan ga mutum, babu ko ɗaya, sai muryar liman daga nesa. Da na juyo ruwan ya kai mata ƙirji, ƙwaryar ta fara rawa a kanta.

Na buɗe baki sunan ya ƙi fita. Na farko da ya fito ko ni ban ji shi sosai ba. Na biyun na kwarara shi da duk ƙarfina, yadda ake kiran yarinyar da ta yi nisa da gida.

Ta tsaya cak.

"Na'am," ta ce, da wata siririyar murya da ban taɓa ji ba.

"Komo. Ba a hayewa yau, ruwa ya yi yawa."

Ta ɗan jima a tsaye, ruwa na kaɗa ta. Sannan ta juyo a hankali, tana gunaguni wai kullum sai a hana mutum, ta fara takowa. Ƙwaryar ta zame ta bi ruwa, ba ta kula ba. Da ta iso inda hannuna zai kai na cafke wuyan hannunta da hannu biyu, na ja ta muka fito, muka zube kan yashi.

Hanyar komawa gida daga wannan gefen tana bin gaɓar ruwa ne, siririya, ruwa na lasar gefenta. Na sa ta a ɓangaren tudu, ni a ɓangaren ruwa, hannunta cikin nawa. Tana ta surutu, wai gobe sai mu yi sammako. Can sai ta yi shiru. Na ji tafiyarta ta sauya. Ta dubi hannuna da ke riƙe da nata, ta ɗago ta dubi fuskata sau ɗaya, sannan ta zare hannunta a hankali, ta kawar da kai. Ta gyara jiƙaƙƙen zanenta ta sake shi har ƙasa. An idar da salla, mutane sun fara fitowa can gaba. Ta yi magana tana kallon ciyawa, kamar akwai wani na uku a wurin.

"A ce ma waccan ta suturta jikinta. Maza na tahowa."

Ta gane ni. Na rasa abin da zan yi da kaina, murna da kunya suka haɗu suka rufe ni, ina tunanin ko ta ji abin da bakina ya faɗa ɗazu. Ta wuce gaba, ta koma ɓangaren ruwa, ƙafarta na taka gefen da ya jiƙe. Na miƙa hannu zan kama ta, ta janye kafaɗa ba tare da ta dube ni ba. Haka muka tafi har gida, tana gaba ina binta a baya, hannuna a buɗe ban taɓa ta ba.

Ba ta taɓa tayar da maganar sunan ba. Washegari na koma abuya, muka ci ɗumame a kwano ɗaya. Da wata ya zagayo na ba da labarin a rumfar asibiti, malamar ba ta ce ai na gaya miki ba, ta dai ce wa sauran kowa ya je ya binciko sunan yankan tsohonsa. Sarkin jirgi kuma ya ce matarsa za ta riƙa zama bakin ruwa ranar Juma'a har a sauko.

Yanzu ranakun Inna iri biyu ne. Yawanci ni ƙawarta ce, in riƙe hannunta, in yi mata wanka, in ce zauna ta zauna. Jefi-jefi kuma sai ta wayi gari ta ƙi haɗa ido da ni, ta ƙi cin abin da na miƙa mata sai na ajiye na ba da baya. A irin waɗannan ranaku ina da uwa, kuma a cikinsu na fi jin tsoro, don ba ta yarda in taɓa ta, ba ta yarda in tare mata hanya, kuma ganewar ba ta hana ta tashi da hantsi ta nemi ƙwarya. Ina son ranakun nan, ina jiran su kamar yadda na jira su tun ina yarinya. Amma duk safiyar Juma'a, in na idar da asuba na ɗaga hannu, Allah ya gafarta mini, abin da nake roƙo shi ne kada ta gane ni yau.